Kar ka cusa hotunan kundin kakanka cikin rumbun bayanai

1/ Zare. Ga masu haɗa manhaja, da duk wanda gidansu ke da tsofaffin littattafan hannu a cikin birnin Zariya. Ra'ayina: manyan hotuna da sauti su zauna a matsayin fayiloli a faifai, rumbun bayanai ya riƙe bayaninsu kawai. Na sha wuya kafin na yarda da haka.

2/ A gidanmu a Unguwar Juma akwai kundayen marigayi kakanmu cikin gafaka, na Larabci da na ajami, gara ta fara lasar gefensu. Bara Baffa ya ce tunda kai ne ɗan kwamfuta, ka ɗauke su a hoto kafin damina ta ƙarasa su. Na ce to, Baffa.

3/ Shafi ɗaya girman A4, mai launi, a 300 dpi, in ka ajiye shi TIFF ba matsewa, ya kai wajen MB 25. Shafi 400 ka tashi da GB 10. Ni kuwa don iyayi na zuba komai cikin rumbun bayanai, hoto da bayani wuri guda, wai ya fi tsafta.

4/ Wahalar ta fito wajen yin kwafin ajiya. Shafi biyar na ƙara yau? Sai na sake juye rumbun gaba ɗaya. Awanni. Wani dare ana tsakiyar juyewa aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma dama ya gaji. Kwafin ya ƙi buɗuwa. Ba rabi ba fa, duka. Allah ya taimake ni na asalin bai taɓu ba, amma ranar ban yi barci ba wallahi.

5/ Da fayiloli ne, shafin da ake kwafa lokacin kaɗai zai lalace, gobe in ci gaba daga inda na tsaya. Kayan aiki irin rsync sabon abu kawai suke ɗauka.

6/ Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. DSpace, manhajar da MIT da HP suka fitar a 2002, wadda jami'o'i da dama ke ajiye kundayen digiri da ita har da ABU nan Samaru, haka take: bayanai a PostgreSQL, fayilolin kansu a wata folda daban. A 2006 Jim Gray da abokan aikinsa a Microsoft sun gwada, suka ga abin da bai kai KB 256 ba ya fi sauri a rumbu, wanda ya haura MB 1 ya fi a fayil. Shafinmu MB 25 ne. Magana ta ƙare.

7/ Yanzu ga yadda nake yi. Kowane hoto ina lissafa masa lambar SHA-256, ita ce sunansa a faifai. Rumbun yana cewa: wannan lamba shafi na 12 ne na kundi kaza, hannun wane, an ɗauka ranar kaza. Amfani biyu. In ƙanena ya sake loda hoto ɗaya sau uku, sau ɗaya zai zauna. In kuma fayil ya fara ruɓewa a ɓoye, sake lissafi zai nuna lambar ta canza.

8/ Gaskiya tsarin na da nasa ciwon kai. Abu biyu kake kiwo yanzu, kuma suna iya saɓawa. Wani ya shiga foldar ya ga sunaye kamar shirme ya goge, rumbun na nan yana nuna shafin da babu. Don haka foldar ba mai taɓawa sai manhajar, ba a gyara fayil sai dai a ƙara sabo. Wajen kwafi kuma rumbu farko, fayiloli daga baya, don duk abin da rumbun ya ambata a same shi.

9/ Za ku ce me ya hana ka ɗora a intanet, irin Amazon S3? Duk wata sai ka biya, ga kuɗin data na loda GB 10 daga Ƙofar Doka. Sannan Baffa ya gindaya sharaɗi: akwai laƙani da wasiƙun iyali a ciki, ba za su zauna a kwamfutar wani a Amurka ba. Ban yi masa musu ba.

10/ Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan shekara 20. Manhajar da na rubuta ba lallai ta yi aiki ba, ni kaina ba lallai ina nan ba. Amma TIFF a folda, da ɗan fayil na rubutu mai jera lambobi da sunayen shafuka, duk wanda ya samu zai buɗe. Tun 1964 ABU ke tattara rubuce-rubucen hannu ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa. In wata rana dangi suka yarda a ba su kwafi, faifai kawai zan miƙa.

11/ Faifai biyu na saya. Ɗaya na ɗakina, ɗaya na gidan Gwaggo a Tudun Wada, duk Juma'a bayan masallaci nake kai mata sabo in karɓo tsohon. Kundi uku sun rage, mafi wuya wanda ruwa ya manne wa shafuka. In akwai wanda ya iya raba su ba tare da tawada ta bi ba, ya yi mini magana don Allah.