RA'AYINMU: WA KE WASA WUƘAR DA KE CIKIN BADALA?

 A wannan wata mun ga ya wajaba mu tsaya a kan wata masifa wadda ta daɗe tana cin al'ummarmu, wato harkar daba a cikin birnin Kano.

Duk wanda ke zaune a Ƙofar Mata ko Yakasai ko Zango, ko kuma a lungunan Dala da Gwale, ya san ranar da ake rufe shaguna tun kafin magariba, iyaye mata su janye yara cikin gida, masallata su riƙa leƙen hanya kafin su fita sallar isha'i. Yaran da ke fitowa da wuƙaƙe da adduna da gorori a irin wannan rana ba baƙi ba ne. A unguwar aka raɗa musu suna, a makarantar allonta suka yi karatu, kuma idan an kashe ɗayansu mu ne muke yi masa sallah. Saboda haka ba ya halatta mu yi magana a kansu kamar wata annoba da ta faɗo daga sama.

Asalin daba wurin zaman mafarauta ne, inda ake taruwa a shirya fita daji da rani. 'Yan farauta da 'yan tauri suna da shugabanni da ƙa'idoji, kuma faɗansu a dawa yake ƙarewa. Siyasa ce ta shigo da shi cikin gari. Tun a shekarun 1950, lokacin hamayyar NPC da NEPU, jam'iyyu suka fara ajiye 'yan banga don tsaron taronsu da tarwatsa na abokan hamayya. A Jamhuriya ta Biyu abin ya ƙara ƙamari, musamman bayan PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo. Ranar 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad a gidansa. Shekaru 38 bayan haka, a zaɓen cike gurbi na watan Maris 2019, duniya ta ga matasa da makamai a mazaɓar Gama suna korar masu jefa ƙuri'a. Jam'iyyu sun sauya sunaye sau da yawa a tsakanin waɗannan shekaru, amma wanda ake ba wuƙa shi ne dai ɗan talaka, wanda ya ba shi kuwa yana gida cikin sanyi.

Sai dai masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan siyasa ba zai iya sayen yaro da kuɗin cefanen yini ɗaya ba sai ya same shi ba shi da abin yi. A da, saurayin cikin birni yana tashi ne a hannun sana'ar gidansu: rini a marinar Ƙofar Mata, jima, dukanci, ƙira, ko fatauci a Kasuwar Kurmi. Daga baya masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka ɗauki dubban ma'aikata. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, da lalacewar wutar lantarki, da kwararowar kayan waje masu araha, aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Acaɓa ta riƙe matasa masu yawa, sai aka hana ta a watan Janairu 2013 saboda dalilan tsaro bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Ba mu ce babu hujjar hanawar ba, amma muna tambaya: wace sana'a aka ba su a madadinta?

A kan wannan sai a ƙara cunkoso. An cike kududdufai an yi gini, an yanka jikin badala an yi shaguna, filayen da yara ke wasa sun zama filotai. Gida ɗaya da kaka ya gina yau jikoki da tattaɓa kunne ne a cikinsa, saurayi ba shi da ɗakin kwana sai shago ko soro, inda babu idon uba. Sannan ga yawan sakin aure, wanda ke barin yaro tsakanin gidan uba da gidan kaka ba mai tambayar inda ya kwana. Ga kuma ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, amma wasu ƙwayoyin sun maye gurbinsa, kuma ba yaron lungu ne ke shigo da su da manyan motoci ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Talauci ba ya halatta zubar da jini. Wanda ya soki bawan Allah don ya ƙwace masa waya azzalumi ne, kuma wajibi ne hukuma ta hukunta shi, domin matar da aka mayar bazawara da marayun da aka bari su ma talakawa ne. Abin da muke ƙi shi ne adalcin da ke tsayawa a kan yaron kaɗai. An sha kama 'yan daba a nuna su ga 'yan jarida da makamansu a shimfiɗe. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta karɓi tubar wasu daga cikinsu, har aka horar da 50 a matsayin 'yan sandan sa-kai. Mun yaba da buɗe ƙofar tuba. Amma muna jiran ranar da za a gurfanar da mai sayen makamin, da mai raba ƙwayar a daren zaɓe, da mai zuwa belin yaron da safe. Muddin waɗannan suna yawo da rawani da babbar riga, za a ci gaba da saran reshe ana barin saiwa.

Akwai kuma wani dalili wanda ba a cika faɗa ba, shi ne saurayi ba shi da bakin magana a garinsa. Yana da ƙuri'a tun yana ɗan shekara 18, amma a taron unguwa aikinsa shimfiɗa tabarma, a taron jam'iyya aikinsa ɗaga hoto da ihu. Wanda aka saba wa cewa ba a jin sa sai ya yi ɓarna, to ɓarna za ta zama harshensa. Mun ga haka ranar 1 ga Agusta, 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama fashe-fashe a Kano, har aka sa dokar hana fita. Kukan yunwar gaskiya ne, amma da yake babu wata majalisa da ta saba sauraren sa, sai ya faɗa hannun maɓarnata.

Alhali tarihinmu ba haka ya koya mana ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi. Muhammadu Bello yana da kimanin shekara 23 aka fara jihadi a 1804. Samari ne suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Maitama Sule, ɗan cikin badala, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 yana da shekara 25, ya zama minista a 1959. Gaskiya ne a watan Mayu 2018 an sa hannu a kan dokar da ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Amma a 2024 hukumar zaɓen jihar Kano ta fara sanya Naira miliyan 5 a kan takardar takarar kansila, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne. Ke nan sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashinsa na kusan shekara shida bai ci bai sha ba. Saurayin da ba shi da wannan kuɗi dole ya nemi ubangida, ubangida kuwa ba ya bayarwa don Allah.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da majalisar jiha da su mayar da kuɗin takarar kansila abin da mai sana'a zai iya biya daga guminsa. Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da hakimai na cikin birni da su kafa majalisar matasa a kowace unguwa, wadda samarin za su zaɓi wakilansu da kansu, su zauna tare da dattawa a kan sha'anin tsaro da magudanan ruwa da makaranta da rabon tallafi, kuma a rubuta abin da suka faɗa a kai shi ƙaramar hukuma. A sa har da tubabbun 'yan daba, domin su ne suka san inda faɗan ke farawa, kuma su ne ƙannensu za su ji maganarsu. Muna kira ga attajiran Kwari da Singa da Kurmi da kowanne ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu daga unguwarsa ya koya musu kasuwa, kamar yadda aka yi masa.

Mu ma masu da'awa sai mu tuhumi kanmu. Mun yawaita wa'azi ga sahun gaba, waɗanda dama sun shiryu, mun bar yaron da ke zaune a bakin kwata taku kaɗan daga ƙofar masallaci, ba mu san ko sunansa ba. Kwamitocin masallatanmu nawa ne ke da ɗan ƙasa da shekara 30 a cikinsu? Muna umartar rassanmu na cikin birni da su gyara wannan tun daga wannan wata, su buɗe darasin dare ga waɗanda karatu ya kuɓuce musu, su shiga tsakanin unguwannin da ke gaba da juna kafin a kai ga zubar da jini. Ga samarinmu kuwa, ku yanki katin zaɓe, ku halarci tarukan mazaɓunku ku yi tambaya, kada ɗayanku ya karɓi ko sisin kwabo don ya tsorata ɗan'uwansa. Wanda ya ba ka wuƙa, ka tambaye shi ina ɗansa.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya.