Kashin shanu: wuta a murhu, taki a gona



Duk wanda ya girma a ƙauye ya san icce ya yi nisa. A da, yarinya kan fita bayan gari da hantsi, ta dawo da ɗaurin icce kafin rana ta take. Yau a wurare da yawa sai ta wuni a daji. Inda icce ya ƙare, mata sun koma ga karan hatsi da busasshen kashin shanu. Ba laifinsu ba ne, domin dole a ɗora tukunya.

Amma ga abin da nake son mu duba tare. Kara da kashin shanu abincin gona ne. Duk ranar da muka ƙone su, mun dafa tuwon yau da hatsin baɗi. Masu ilimin ƙere-ƙere sun daɗe suna binciken sabon makamashi, wato abin hura wuta wanda ba icce ba. Wasu dabarun nasu za su amfane mu, wasu kuwa za su ƙara mana wahala. A ganina, tiya ɗaya ya kamata mu auna su da ita: shin wannan dabara tana rage wa gona ne, ko tana ƙara mata?

Hasara biyu a murhu ɗaya

Hasara ta farko ta lafiya ce. A Nijar, cikin gida goma wajen tara da icce da kara ake girki. Hayaƙin yana shiga ido da ƙirji. Yana kawo tari, da ciwon ido, da ciwon haƙarƙari ga yara, da ciwon zuciya ga manya. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Fiye da dubu 200 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Kashin shanu kuwa ya fi icce hayaƙi, kowace mace ta san haka.

Hasara ta biyu ta gona ce. Kakanninmu sun san darajar taki. Bayan girbi, manomi kan ba Bafulatani hatsi don ya sauka da garkensa a gonarsa. Ba don komai ba sai don abin da shanun za su bari a ƙasa. Kara ma haka ne. Masu bincike a cibiyar noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun gwada shekara da shekaru. Sun ga gonar da aka bar wa kara a shimfiɗe ta fi wadda aka share ba da hatsi. Karan yana tare iska kada ta kwashe ƙasa, yana kama ƙura mai amfani, gara kuma ta ci shi ta mayar da shi taki. In aka ƙone shi, toka kaɗai ke saura, mafi yawan amfanin ya bi hayaƙi.

Rumbun gas

To, akwai dabarar da ke fitar da wuta daga kashin shanu ba tare da an ƙone shi ba. Mu kira ta rumbun gas.

Kun taɓa ganin kumfa na tasowa daga ƙasan tsohon tabki, inda ganye ya ruɓe cikin laka? Wannan kumfa iska ce mai kama wuta. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke yin ta. Suna cin abin da ya ruɓe a inda iskar waje ba ta shiga. Irinsu na cikin tumbin saniya, kuma suna fitowa tare da kashinta.

Rumbun gas ɗaki ne da ake ginawa cikin ƙasa da bulo da siminti, a rufe shi ruf kamar an kife ƙwarya. Yana da baki biyu. A baki na farko ake dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, bokiti ɗaya na kashi, bokiti ɗaya na ruwa, a tura shi ciki. A ciki halittun nan suke aikinsu. Gas ya taru a sama, ya bi ta tiyo har zuwa murhu. Wutarsa shuɗiya ce, ba hayaƙi, ba ta baƙanta tukunya. Ana kuma iya kunna fitila da shi.

Ga lissafin. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas wajen lita 1000. Wannan zai kunna murhu ɗaya awa 2 zuwa 3. Saniyar da ke wuni ta kwana a turke, tana ƙoshi, tana iya ba da wajen kilo 10 a rana. Ke nan gida mai shanu 3 ko 4 a turke zai iya samun wutar girkinsa ta kullum, ko mafi yawanta. Zafin ƙasarmu ma taimako ne, domin halittun nan ɗumi suke so. Lokacin ɗari ne kawai gas ɗin kan ɗan ragu.

Abin da ya fi burge ni shi ne baki na biyu. Bayan kashin ya yi wata ɗaya ko fiye a ciki, yana fitowa ta can kamar kunu. Wannan taki ne nunanne. Warinsa ya ragu, ƙuda ba sa damuwa da shi, ƴaƴan ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa sun mutu. Ƙarfinsa na taki kuwa yana nan. Ana iya kai shi lambu kai tsaye. Ana iya tara shi cikin rami a inuwa, a gauraya shi da ƙaiƙayi da shara mai ruɓewa, a kai gona gab da damana. An ci wuta, an kuma ci taki. Saniya ɗaya, riba biyu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙasar Sin da ƙasar Indiya, miliyoyin gidajen ƙauye sun gina irin wannan rumbu. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta kafa shiri na ƙasa a kansa wajen shekara ta 2010, kuma cikin shekara goma an gina fiye da dubu 10. A Benin, gonar Songhai da aka kafa a Porto-Novo a shekara ta 1985 tana mai da kashin bisashenta gas da taki. Nan kusa da Ƙonni, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Sakkwato ita ma ta yi aiki a kansa.

Amma ba kowa zai gina ba

Gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta. A ƙasashe da yawa an gina rumbunan gas, aka yi buki, bayan shekara biyu suka zama gidan kunama. Dalilan sanannu ne, kuma ya kamata mu san su kafin mu sa kuɗinmu.

Na farko, shanu. Wanda shanunsa ke wuni a daji ba zai tara isasshen kashi ba. Busasshe ba ya aiki, sai ɗanye. Dabarar ta dace da mai shanun huɗa, da mai shanun amalanke, da mai kiwon turke. Makiyayi mai tashi da sauka ba zai ɗauki rumbu a kan jaki ba.

Na biyu, ruwa. Kullum rumbu yana shan ruwa daidai da kashin da aka zuba masa, wato lita 20 zuwa 40 ga gida ɗaya. Wa zai ɗebo? Mace ce. In rijiya na da nisa, mun sauke mata ɗaurin icce mun ɗora mata tulu. Saboda haka, maigida, kada ka yanke shawara kai kaɗai. Zauna da uwargida ku yi lissafi, domin ita ce za ta zauna da abin.

Na uku, kuɗi da gyara. Ginin na iya cin kuɗin bijimi guda. In ya tsage, gas zai gudu, sai an sami magini wanda ya koyi aikin. In maginin yana Yamai, kai kana ƙauyen Mirya, rumbunka ya mutu ke nan.

Na huɗu, kula. Rumbu kamar dabba yake, kullum sai an ciyar da shi. Ba ya son yashi, ba ya son ruwan sabulu, ba ya son maganin ƙwari. Kuma a kiyaye: kada kowa ya shiga cikinsa, ko ya leƙa da wuta a hannu, domin iskar ciki tana kisa. In kun ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin girki, gas ne ke yoyo. Ku rufe famfon, ku buɗe ƙofa, kada ku ƙyasta ashana. Wanda ya taɓa takin kuma ya wanke hannu da sabulu.

Sauran dabaru a kan tiya

Wani zai ce: me ya sa za mu sha wannan wahala, ga gas na tukunya? Tun shekara ta 2011 matatar mai ta Damagaram ta fara fitar da shi. Gaskiya ne, kuma ga mutanen birni ya fi gawayi alheri. Amma in tukunya ta ƙare, sai da kuɗi a hannu da tafiya gari. Gas na rumbu daga turkenka yake fitowa.

Akwai kuma masu curin gawayi daga shara. Suna babbaka abin, su daka, su gauraya da ɗan ƙullu, su matse shi dunƙule-dunƙule. A nan ma mu ɗauko tiyarmu. In da karan hatsi za a yi, ban yarda ba, domin gona da bisashe sun riga kowa buƙatarsa. In kuwa da ƙaiƙayin shinkafa ne da ke tsibi a bakin injin, ko da kacalla da ta cinye mana tabkuna, to madalla. A Muritaniya da Senegal an riga an yi gawayi da kacalla. Haka nan abin da ake zubarwa a mahautan Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai: maimakon ya yi wari ya tara ƙuda, ana iya mai da shi gas da taki.

Leda kuwa, ina roƙon mata su daina hura wuta da ita. Tana kamawa da sauri, amma hayaƙinta guba ne.

Wanda ba shi da shanu, shi ma yana da abin yi. Murhu mai tsimin icce, irin Mai Sauƙi da aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980, yana rage icce da hayaƙi. Sassaben zamani kuma, wanda ya bunƙasa daga jahar Maraɗi a shekarun nan, ya mayar da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5. Manomi ya bar tohon kututture ya girma, ya riƙa sassabe rassa yana samun icce a gonarsa.

Kira ga masu bincike da hukuma

Ƙasar nan ta haifi masanin da ya nuna hanya. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a shekara ta 1929, ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasa shekara da shekaru. Shi da abokan aikinsa sun ƙera abin dafa ruwa da na girki da zafin rana, a nan Yamai. Ya rasu a shekara ta 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ya duba abin da muke da shi da yawa, ya nemi amfaninsa.

Ga magadansa muna roƙon abu uku. Ku nemo mana rumbun da ba ya shan ruwa da yawa, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Ku gwada shi a gidan manomi, rani da damana, kafin ku ce ya yi. Ku rubuta bayaninsa cikin harsunanmu, tunda yanzu mun iya karatu.

Ga hukuma da masu ba da taimako kuma: kada a fara da rabon kyauta. A fara da koya wa maginanmu aikin, a kowace gunduma. Sannan a ba wanda ya shirya bashi mai sauƙi, ya biya bayan girbi. Abin da mutum ya sa guminsa a ciki, ba ya barinsa ya lalace.

Aikin wannan mako

Mai karatu, kada ka ɗauki maganata haka nan. Gwada da kanka. Nemi bokiti mai cin lita 10. In ya cika da ɗanyen kashin shanu, kilo 10 ke nan ko kusa. Kwana 7 a jere, ka tara na turkenka, ka rubuta bokiti nawa ka samu kowace rana. Uwargida kuma ta rubuta icce nawa aka ƙone, da kuɗinsa ko lokacin da aka ɓata wajen nemansa. In kuna samun bokiti 3 kullum, kuma ruwa na kusa, ku kai takardar ga malamin gona ku nemi bayani. In ba ku samu ba, ba ku yi hasara ba: ku tara kashin a rami, ku kai gona.

Ku kai wannan lissafi ajin yaƙi da jahilci, ku gwama naku da na maƙwabta. Sannan ku rubuto mana abin da kuka gani, domin wasu su ƙaru.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka. Amin.