Waya Ɗaya Ta Isa Ta Tsayar da Ofis

Idan intanet ta ɗauke a ofis, kamfanin sadarwa ake fara zagi, alhali sau da yawa ɓarawon na cikin gida ne. Wani ya ga waya tana lilo, ya soka ta a ramin suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutoci, sai hanyar ta zama zobe. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa, don haka yakan yi ta zagayawa yana ninkuwa har komai ya toshe. Alamarsa fitilun suwic su riƙa ƙiftawa tare babu ƙaƙƙautawa. Maganin gaggawa shi ne zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya har guguwar ta lafa.

Tun 1985 Radia Perlman ta ƙirƙiro Spanning Tree, tsarin da ke gano zobe ya rufe hanyar da ta yi rara. Amma tsari ba ya maye gurbin kula. A Nuwamban 2002, asibitin Beth Israel Deaconess na Boston a Amurka ya koma aiki da takarda na kwanaki, domin an yi ta faɗaɗa hanyarsa har ta fi ƙarfin tsarin.

Wannan darasi ne ga jami'o'in Kafin Hausa da Dutse, da cibiyoyin jarrabawar JAMB na Jigawa. Suwic mai araha wanda ba a iya saitawa galibi ba ya ganin zobe. Masu sa hannu a takardar sayayya su nemi wanda ake saitawa, a sa wa kowace waya lamba, a rufe ramukan da ba a amfani da su. Ranar jarrabawa ba ranar laluben waya ba ce.