Zauren Iyali: Fitilar Kabewa ta Daren Halowin

A makon jiya wata yarinya 'yar aji huɗu ta tsaya bayan an tashi, ta ce, "Malam, na ga hoton wata kabewa mai haƙora da wuta a baki a wayar Baba. Aljani ne?" Ta ce ta kasa barci a daren. Mun san ba ita kaɗai ba ce, don haka bari mu faɗa wa iyaye abin da muka faɗa mata.

Kabewa ce kawai, wadda ake ƙawata ƙofar gida da ita a Amurka da Kanada da Ingila ran 31 ga Oktoba, daren da suke kira Halowin. Ma'anar sunan ita ce jajiberen Ranar Dukan Tsarkaka, wadda Ekklisiyoyi da yawa ke kiyayewa ran 1 ga Nuwamba. A ƙasar Ailan kuwa lokacin ya dace da wani tsohon bikin ƙarshen kaka, sa'ad da mutanen dā suke tsammani fatalwa na yawo. Talakawan can sukan rarake wata saiwa mai tauri da ake shukawa a gona, su yanka mata fuska, su sa wuta a ciki. Da ciwo ya lalata dankalin Turawa, yunwa ta faɗa wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, mutane masu ɗimbin yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka. A can suka tarar da kabewa, ga girma ga taushi, sai ta maye gurbin saiwar.

Ga yadda iyalin Amurka ke yin fitilar. Uba ko uwa ne ke riƙe wuƙa, ba yaro ba. A yanka murfi kewaye da hancin kabewar, a karkatar da wuƙar zuwa ciki domin kada murfin ya rufta. Yara su sa cokali su kwashe 'ya'yan da zaren ciki. Sa'an nan yaro ya zana ido biyu da hanci da baki a jikin ɓawon, babba ya bi zanen ya yanke. A huda ƙaramar kafa a murfin saboda hayaƙi, a kafa guntun kyandir a ciki. Yanzu da yawa sun koma ga 'yar fitila mai batir, gama kyandir kusa da labule ko rigar yaro haɗari ne. Kabewar da aka yanka ba ta daɗewa, cikin kwanaki kaɗan take ruɓewa, shi ya sa sai bikin ya matso ake yankawa. 'Ya'yan kuwa akan wanke, a barbaɗa gishiri, a gasa, a ci.

Sauran kayan adon ma daga abin da ke gida ne. Jemage baƙar takarda ce: a ninka ta biyu, a zana rabin fiffike, a yanke da almakashi, a buɗe, a rataye da zare. Fatalwa tsohon farin ƙyalle ne da aka lulluɓa wa dunƙulen takarda, aka ɗaure wuyan, aka ɗiga ido biyu da tawada. Saƙar gizo kuwa auduga ce da aka ja ta yi siriri.

To, mene ne matsayin Kirista? Ko a Amurka bakinsu bai zo ɗaya ba. Waɗansu suna ɗaukarsa wasan yara da sada zumunci da maƙwabta. Waɗansu sun ƙi shi saboda siffofin mutuwa da maita, sukan shirya bikin godiyar kaka a majami'a a maimakonsa. Waɗansu kuma a ranar suna tunawa da Martin Luther, wanda aikinsa na gyaran Ekklisiya ya soma ran 31 ga Oktoba, 1517. Bikin ba na ƙasarmu ba ne, ba mu kuwa ce a ɗauko shi ba. Amma hotunansa sun riga sun shigo ɗakunanmu ta waya, tsawa kuma ba ta korar tsoro daga zuciyar yaro. Bayani ne ke korarsa.

Kashegari muka kawo kabewa aji. Yarinyar nan ita ta zana idanun da gawayi, muka yanke, ta leƙa ciki ta ga babu kome sai ɓawo. Ta yi dariya ta ce, "Ashe ta miyan taushe ce!" Abin da ya rage muka ba mai dafa abincin makaranta, gama ba ma wasa da abinci mu zubar.

Ya ku iyaye, in ɗanku ya ga abin da ya firgita shi, kada ku ce masa "yi shiru" kawai. Ku zauna da shi, ku nuna masa da me aka yi abin, da wanda ya yi shi, sa'an nan ku yi addu'a tare kafin ya kwanta. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.