Takardun filaye a Kano: Ko kwamfuta za ta raba gardama?

A watan Nuwamba na shekarar 2024 ne gwamnan jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ƙaddamar da aikin sabunta takardun shaidar mallakar filaye, inda aka buƙaci duk mai riƙe da tsohuwar takarda ya kai ta a tantance, a kuma shigar da bayanansa cikin kwamfuta.

Hukumar KANGIS, mai kula da taswira da bayanan filaye a jihar, ita ce aka ɗora wa nauyin adana waɗannan bayanai.

Gwamnatin dai ta ce manufarta ita ce kawo ƙarshen takardun jabu da bai wa mutum biyu fili ɗaya, tare da ƙara yawan kuɗin shiga.

To amma a tsofaffin unguwannin cikin birni irin su Ƙofar Wambai, tambayar da ke gaba ita ce: mutumin da bai taɓa riƙe wannan takarda ba, me zai kai a sabunta masa?

Ilmin da ke kawunan dattawa

Ƙofar Wambai na tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Mata ne, a gabashin tsohon birnin, kuma kasuwarta ta yi suna wajen gwanjo da takalma da kayan roba.

Da yawa daga cikin gidajen da ke lungunan bayan kasuwar gadonsu aka yi, kaka da kakanni.

Shaidar mallakar irin waɗannan gidaje kan kasance takardar ciniki ce da aka rubuta da hannu a gaban shaidu da mai unguwa, ko hukuncin rabon gado na kotun shari'ar Musulunci, ko kuwa bakin maƙwabta da suka san inda katangar wane ta tsaya.

Wannan ma tsari ne na adana bayanai, kuma ya daɗe yana raba rigingimu ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Rauninsa shi ne, takarda na iya ƙonewa, gara na iya cinye ta, ruwan damina na iya jiƙa ta. Idan kuma dattijon da ya san iyaka ya kwanta dama, sau da yawa da shi ake binne abin da ya sani.

Tsohuwar matsala

Rubuta filaye a littafin hukuma ba baƙon abu ba ne a Kano.

Bayan Turawan Ingila sun ci birnin a 1903, an shigo da awon taki, inda malamai ke auna gonaki da takun ƙafa. Sai dai manufar wannan awo ita ce yanka haraji, saboda haka littattafan sun fi damuwa da wanda zai biya a kan wanda ya mallaka.

Dokar 1910 ta sanya filayen Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta bi sahunta, sannan a 1978 gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta.

Dokar ta 1978 ta amince da haƙƙin wanda ta tarar da gininsa a cikin birni, ko da ba shi da takarda. Amma bankuna ba su cika karɓar gida a matsayin jingina ba sai da takardar shaidar gwamna, abin da ke rufe wa ɗan kasuwa ƙofar rance alhali yana zaune a kan dukiya.

Alƙaluman da aka daɗe ana ambatawa na nuna cewa filayen da ke da rajista a Nijeriya ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Wannan ne ya sa a 2009 marigayi shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa kwamitin gyaran tsarin mallakar ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda daga baya ya zaɓi jihohin Kano da Ondo domin gwajin yin rajista gida-gida.

Abin da na'ura za ta iya

Babu shakka kwamfuta na da amfanin da kabad ɗin fayil ba shi da shi.

A irin wannan tsari, ana ɗaukar hoton gari daga sama, a zana iyakar kowane fili a kan taswira, a ba shi lambar da babu wani fili mai irinta, sannan a ɗaura masa sunan mai shi da tarihin cinikinsa.

Idan aka yi yunƙurin ba wani filin da ke da mai shi, taswirar za ta nuna karo. Fayil kuma ba zai ɓace don wani ya ɓoye shi ba, muddin akwai kwafinsa a wani wuri dabam.

Abuja ce ta yi fice wajen bin wannan hanya da hukumar AGIS, a zamanin da Nasiru el-Rufai ke ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, kuma bayan ya zama gwamna a 2015 jihar Kaduna ta kafa tata, wato KADGIS.

Sai dai na'ura abin da aka zuba mata take riƙewa. Idan takardar jabu ta tsallake tantancewa, to ta samu hatimin gwamnati ke nan, kuma warware ta zai fi wuya fiye da da.

Haka nan, ma'aikacin da ke da ikon shiga rumbun bayanai na iya sauya suna cikin ƙiftawar ido, sai fa idan tsarin na rubuta wanda ya taɓa kowane fayil da lokacin da ya taɓa, kuma akwai wani mai zaman kansa da ke bibiya.

Akwai kuma batun sirri. Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, amma a 2024 an bankaɗo wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan katin ɗan ƙasa a kan kuɗi ƙalilan, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

Rumbun da ya haɗa sunan mutum da adireshinsa da abin da ya mallaka na buƙatar tsaro fiye da haka.

Darasin filin Idi

Abin da ya faru a maƙwabtan Ƙofar Wambai a 2023 ya nuna wata matsalar da ta fi ƙarfin na'ura.

Bayan hawanta mulki a ƙarshen watan Mayun wannan shekara, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata, tana mai cewa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta raba filin jama'a ne ba bisa ƙa'ida ba.

Masu shagunan kuwa suka garzaya kotu, suna cewa da izinin hukuma suka yi gini.

A watan Satumba na 2023 babbar kotun tarayya da ke Kano ta umarci a biya su diyyar naira biliyan 30, kafin daga bisani ɓangarorin biyu su sasanta a kan biliyan 3.

Ko wane ne ke da gaskiya, abin da ɗan kasuwa ya koya shi ne takardar da wata gwamnati ta bayar, wata na iya zuwa ta ce ba ta san zance ba.

Darajar rajista kuwa na tattare ne da yardar jama'a cewa abin da aka rubuta yau zai tsaya gobe, kuma filin da doka ta hana a raba, kamar makabarta da makaranta da badala, yana bayyane a taswirar da kowa zai iya dubawa kafin ya biya kuɗinsa.

Yadda wasu suka yi

Ƙasar Ruwanda ta auna filaye fiye da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013, ta hanyar horas da mutanen gari su zaga da hotunan sama, maƙwabta su nuna iyaka, sannan a kafe sakamakon a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya fito.

A Jamhuriyar Nijar, dokar karkara ta 1993 ta samar da kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, inda mai gari ke cikin masu tabbatar da ciniki da gado a rubuce.

A duka wuraren biyu, hukuma ce ta taka zuwa wurin masu ilmin, maimakon ta zauna a ofis tana jiran takarda.

Wannan na da muhimmanci a cikin birnin Kano, inda gida ɗaya kan kasance na magada da dama, kowa da rabonsa kamar yadda shari'a ta yanka.

Idan fom ɗin rajista ya ɗauki suna ɗaya kacal, mai yiwuwa na babban wa, to rabon mata da marayu na iya shafewa daga idon hukuma ba tare da an yi musu ko gardama ba.

Saboda haka ma'aunin nasarar KANGIS ya wuce yawan takardun da ta buga ko kuɗin da ta tara. Za a gane ta ne ranar da magadan wani gida a lungun Ƙofar Wambai suka je ofishinta, kowannensu ya tarar da sunansa da rabonsa, kuma gwamnatin da za ta biyo baya ta bar su yadda ta same su.