Kabewar tsakar gida: yaushe za a cire ta, ina za a ajiye ta?



A makon jiya wata uwargida daga Kubwa ta shigo sayen maganin ƙarin jini na ɗanta. Muna cikin hira take ba ni labarin kabewar da ta shuka a jikin katanga: guda bakwai ta samu, ta ci biyu, biyar suka ruɓe a kicin cikin mako uku. Na ce mata, Hajiya, ai rabin abin da kike nema a cikin kwalba shi ne ya ruɓe miki a gida.

Ba wasa nake yi ba. Launin ruwan goron nan na cikin kabewa shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke kare yaro daga dundumi kuma yake ƙarfafa garkuwar jikinsa. Don muhimmancinsa ne ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi a baki sau biyu a shekara. Sai da maiƙo jiki ke iya tsotsar sa, kuma miyar taushe, da gyaɗarta da manjanta, ta riga ta gama wannan lissafi tun zamanin kakanninmu.

To, yaushe ake cirewa? Kabewa kan ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin ta ƙosa. A nan Abuja ruwa kan kai ƙarshen Oktoba, ba kamar Kano ko Katsina ba, saboda haka wanda ya taso can kada ya yi aiki da kalandar garinsu. Girma ba shi ne ƙosawa ba. Ki danna farce a ɓawon: in ya shige, da saura. Ki duba ɗan karan da ya haɗa ta da yaɗo, sai ya bushe ya yi tauri kamar itace. In kin ƙwanƙwasa ta, ki ji amo kamar na ganga. Wadda ke kwance a ƙasa mai laima kuwa, a sa mata katako a ƙarƙashi har ta ƙarasa.

Kuskuren Hajiya ɗaya ne: murɗe su ta yi da hannu, karan ya fita gaba ɗaya. Wannan gurbi ƙofa ce a buɗe ga ruɓa. A sa wuƙa a yanke, a bar kara kamar tsawon yatsa, kuma kada yara su ɗauke ta ta nan. A zaɓi ranar da ba ruwa, a goge ƙasar jikinta da busasshen tsumma. Daga nan a jera su a baranda mai iska kwana bakwai zuwa goma, ɓawon ya ƙara tauri, ƙananan ƙujewa su warke.

Littattafan Turawa na cewa a ajiye a sanyin digiri 10 zuwa 15. Mu ina muka ga wannan? Abin da muke da shi hunturu ne, kuma ya isa. Ɗaki mai inuwa da iska, a kan katako ko kwali, ba a kan siminti ba, kada su taɓa juna, nesa da murhu. A haka takan yi wata biyu zuwa uku. A duba su duk mako, wadda ta fara laushi a dafa ta a ranar. In zafin Fabrairu ya kunno kai, a fere sauran, a yanka siri-siri a shanya a inuwa. Kuma don Allah kada a fesa musu maganin ƙwari don tsoron kyankyasai.

Wadda aka riga aka yanka, ko ta gida ko yankin da aka sayo a kasuwar Wuse, kwana uku zuwa huɗu ne a firij, in wuta ta tsaya ke nan. Ta yi yauƙi ko fumfuna, a zubar.

Sai abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna. Kabewa mai ɗaci guba ce. Dangin kabewa da duma kan tara wani sinadari mai ɗaci da ke sa amai, gudawa da murɗar ciki, kuma dahuwa ba ta kashe shi. An fi samun sa a wadda ta tsiro da kanta a juji, ko wadda ta sha fari da zafi. A 2015 wani dattijo mai shekara 79 ya rasu a Jamus bayan ya ci irin wannan, ta lambun gida. Kafin ki zuba a tukunya, ki ɗan lasa ɗanyen yankin. In kin ji ɗaci ki tofar, ki jefar da ita duka, har da 'ya'yan, kada a shuka su baɗi. Idan an riga an ci kuma yaro ya fara amai, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya, a wuce asibiti, a tafi da ragowar miyar.