SHARHI: Malamin Motsa Jiki Ba Na 'Yan Gayu Kaɗai Ba Ne

A biranen Legas, Abuja da Fatakwal, wata sana'a tana ƙara samun gindin zama, wato ta malamin motsa jiki, wanda ake biya domin ya tsara wa mutum atisaye gwargwadon shekarunsa da lafiyarsa, ya kuma tsaya a kansa har ya yi. Sai dai da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suna ɗaukar abin a matsayin shagalin samari masu neman ƙwanji, ko 'yan ƙwallo, ko matan attajirai da suka rasa abin yi. A ganinmu, wannan kuskure ne mai tsada.

Kakanninmu fatake a ƙafa suke zuwa Gwanja sayen goro, suna shafe watanni a hanya. Jikansu kuwa, ɗan canji ne a Wuse ko dillali a kasuwar Mile 12, yana zaune a kan benci tun hantsi har magariba, sannan ya sake zama cikin mota a cunkoson hanya. In tumbi ya fito, sai a ce Alhaji ya samu hutu. Alhali sau da yawa hawan jini da ciwon sukari ne suke sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta ga baligai da ta fitar a 2020, ta ce kowa na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Alƙaluman da aka bayyana a 2024 sun nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba su cika wannan ma'auni ba, kuma mata sun fi maza gazawa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa jinyar cututtukan da zaman dirshan zai haifar tsakanin 2020 da 2030 za ta riƙa cin dala miliyan dubu 27 a kowace shekara.

To, wa ya fi bukatar malami? Ba matashin da ya riga ya san hanya ba. Dattijo ne mai shekara 55 da ciwon gwiwa, wanda in ya fara shi kaɗai zai ji rauni a makon farko ya watsar. Mace ce da ta haihu, ko wadda likita ya ce ta rage nauyi. Har siriri ma bai tsira ba, domin rama ba shaidar lafiya ba ce. Malamin kirki yakan fara da tambaya, ya nemi izinin likita ga mai jinya, ya sassauta tsari a watan azumi. Batun kuɗi kuma, mutum uku ko huɗu suna iya haɗuwa su biya na 'yan makonni, su koya, su ci gaba da kansu.

Mu tuna cewa yawancin kasuwancinmu a kan mutum ɗaya yake tsaye. Shi ya san mai bashi, shi ya san mai kawo kaya. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, jarin shekara 30 yana iya narkewa a asibiti. Wanda ke biyan makanike ya duba tirelarsa kafin ta lalace bai kamata ya ƙyashi jikinsa ba.

Su ma masu ɗakunan motsa jiki suna da laifi. Tallarsu cike take da hotunan ƙarti, abin da ke korar magidanta. Da za su ware lokaci bayan sallar asuba, su keɓe wa mata wuri da malamai mata, da sun ga ciniki. Mai neman malami kuma ya nemi ganin takardar shaidarsa, ya guji duk mai tallar ƙwayoyin ƙara ƙwanji.

Lafiya uwar jiki ce, ita ce kuma jarin da ba a rantowa a banki.